Akuyar da Muka Raba Magani

Da hantsi ne na fito da tsintsiya zan share turken awaki, sai na ga ƙasar da ke ƙarƙashin farar akuyarmu ta jiƙe da wani abu ja. A lokacin cikinta ya tsufa, don haka abin da ya fara zo mini shi ne ɓari za ta yi. Na durƙusa na duba da kyau. Ba jini ba ne. Jini in ya sha ƙasa baƙi yake yi, wannan kuwa ja ne mai haske, kamar an wanke kwanon manja an zubar. Har gashin cinyoyinta ya rine.

Na san launin nan. Babu wanda zai koya mini shi, don daga jikina yake fita tun ranar da na fara shan maganin tarin tibi. Malamar asibiti ta gaya mini tun farko kada in firgita, fitsari zai yi ja, gumi ma haka, har hawaye. To me ya kai shi jikin akuya?

Ina tsugune a wurin wani tunani na biyu ya faɗo mini, shi ne ya sa tsintsiyar ta suɓuce daga hannuna. Jan nawa fitsarin ya kwana biyu da dusashewa. Ya koma kamar shayin da aka cika wa ruwa. Jirin da nake ji da safe shi ma ya ragu. Ni kuwa ina ta murna a zuci, wai sauƙi ne ya fara samuwa.

Sai na koma baya kaɗan kafin a gane abin da ya tsorata ni haka.

Na gama sakandare na yi aure, auren bai yi nisa ba mijina ya kwanta. Direba ne a hanyar Ringim zuwa Kano, mutum mai fara'a da yawan tsaraba. Ya rame har agogo ya daina zama a hannunsa, danginsa suka ce sammu ne daga abokan tasha. Da ya rasu na yi takaba, na dawo gidanmu a wani ƙauye kusa da Jahun, da tari a ƙirjina wanda ya ƙi jin zuma, ya ƙi jin citta, ya ƙi jin rubutu. Daga asibitin Jahun aka tura ni Dutse. A can wata malamar asibiti, doguwa mai tabarau, ta rufe ƙofa ta ce mini cutar biyu ce. Ɗaya tibi. Ɗayar kuma ba sai ta faɗi sunanta da ƙarfi ba, mun yi ta a aji a makaranta, samari a gari kuma suna kiranta kabari kusa.

A shekarun nan maganin ƙanjamau na masu hali ne, waɗanda ke iya zuwa Kano ko Legas. Amma malamar ta ce akwai likitoci da ke bincike a kan masu cutukan nan biyu a haɗe. Wai maganin tibi yana cinye ƙarfin ɗayan a cikin jiki, su kuma suna so su gano yadda za a haɗa su, da nawa ya kamata a sha. Wanda ya shiga za a ba shi duka biyun kyauta, a riƙa ɗibar jininsa ana aunawa. Ta ce ina da ikon in ƙi. Na yarda tun ba ta gama bayani ba. Ba don na amince da su ba ne. Ban ga wata ƙofa ba ce.

Sharaɗi ɗaya suka kafa, a samu wani a gida da zai riƙe maganin, ya ga an sha kullum. Ta ja mini kunne sosai a kan wannan. Ta ce wanda ke sha yana tsallakewa, ko yana ragewa, ya fi wanda bai fara ba shiga haɗari, don cutar takan saba da maganin ta daina jinsa, kuma a lokacin babu wani a bayansa da za su ba ni.

Kakata da ta raine ni ta rasu. Babana yana kudu da shanu, sai damina ta kama yake dawowa. Gwaggo, ƙanwar babana da ke zaune da mu, in ta ji magana da safe kafin azahar an ji ta a bakin rijiya. Saura mahaifiyata. Ni kuwa 'yar fari ce, mu kuma mutanen rugga ne tun asali, ko da mun daɗe da zama gari. Ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba ta kallon fuskata, ba ta zama inda nake zaune. Ni ma Adda nake ce mata, yadda na ji ƙannenta suna faɗa. In tana so in ɗebo ruwa sai ta ce wa randa, "Yau kuma babu mai tausayinki." Haka muka tashi, ban taɓa ɗaukarsa ƙiyayya ba.

Ita na kawo wa gwangwanin maganin. Tibi kawai na gaya mata. Wannan lokaci ne da aka fara shari'ar Musulunci a jiharmu, kowa idonsa a kan kowa, bazawara mai ƙuruciya kuma ko ciwon kai ta yi sai an nemo masa uba. Ban shirya jin abin da za a ce ba.

Ƙwayoyin manya ne, kuma da yawa. Makon farko duk wadda na haɗiya sai ta dawo. Sai Adda ta samo dabara: ta niƙa su da bayan cokali, ta dama da ruwa kaɗan a ludayi, ta ajiye mini a bakin ƙofa a kan faifai, ta yi gyaran murya ta wuce. Ni kuma in ɗauka in shanye, in kife ludayin. Kifewar nan ita ce shaidarta cewa na sha. Wato an ce a sa mini ido, aka sa mini kunne. Kuma tun daga ranar ban sake ganin ƙwaya da idona ba, balle in ƙirga.

Ranar da na ga jan nan a turke ban ce wa kowa komai ba. Na rufe wurin da ƙasa da ƙafata kamar ni na yi laifin. Na koma ɗaki ina ta juya abin. Na ce ko akuyar ta lashi ludayin ne? Amma ludayin tas nake barinsa. Ko ta ci wani ganye? Awaki huɗu ne a turken, abinci ɗaya suke ci, ita kaɗai ta rine. Wani ne yake ɗibar maganina yana ba ta. Wanda ya yi haka kuwa ya san yana rage mini ne.

Gwaggo na fara zargi. Dama bakinta bai taɓa sauka daga kan asibitin nan ba. Duk ranar da na dawo daga Dutse da auduga a gwiwar hannu sai ta tare ni tun daga zaure.

"'Yar boko, an dawo? Yau kwalba nawa aka tatsa? Mu dai a gidan nan shanu muka sani ana tatsa, su ma sai sun haihu."

"Gwaggo, awo suke yi."

"Awo! Wane irin awo ne ba ya ƙarewa? Ke da kika yi karatu, gaya mini, a ina kika taɓa ganin an ba mutum abu kyauta, a kuma bi shi da kuɗin mota? Ko ɗigon shan inna da suke bin yara da shi gida-gida ai kin ji abin da malamai suka ce."

Da can dariya nake yi in wuce. Yanzu kowace kalma tata sai na ɗauke ta na juya. Na fara lura da inda take zama, da lokacin da take shiga ɗakin Adda aron gishiri, da yadda take dafa akuyar in ta wuce. In ta miƙo mini fura sai in ce cikina ya cika. Na ce a raina ta gano cutar ta biyu, ta ga gara in tafi a hankali da sunan tari kafin sunan gidan ya ɓaci. Wallahi har hakan na zargi matar da ta goya ni.

Wani lokacin kuma zargin ya koma kan asibitin. Na ce ko dai gaskiyar Gwaggo ce? Wa ya san abin da ke cikin gwangwanin? A makaranta an koya mana cewa a wajen gwaji wasu ana ba su na gaske, wasu a ba su garin banza don a kwatanta. Malamar ta ce mini nasu ba haka yake ba, kowa na gaske yake samu. To in ba haka yake ba, da za ta faɗa mini? Amma duk inda na kai da wannan tunani sai akuyar ta dawo da ni gida. Mutanen Dutse ba su san hanyar turkenmu ba.

Na kwana biyu ina shan abin da aka ajiye mini, ina auna ɗacinsa a harshe. Sannan wata safiya bayan sallar asuba, gari ya fara haske, na ƙi komawa shimfiɗa. Na tsaya a bayan zanar da ta raba ɗakina da madafi, na sa ido a wata kafa.

Ba Gwaggo ba ce. Gwaggo tana ɗakinta tana jan carbi, ina jin tarin tsufanta.

Adda ce ta fito da gwangwanin daga cikin kwallarta. Ta zuba ƙwayoyin a tasa, ta niƙa su a natse yadda take niƙa kanwa. Ta tara garin wuri ɗaya. Sai ta zare tsinke daga tsintsiya ta raba shi biyu, ta duba, ta ɗan matso da kaɗan daga wannan ɓangare zuwa wancan don su yi daidai. Rabi ta zuba a ludayina. Rabin ta cuɗa da dusa a tafin hannu, ta nufi turke.

Na ji ta tana magana ƙasa-ƙasa da akuyar. "Ci mana. Ba ke aka aiko wa ba, amma ke za ki gaya mana gaskiya."

Ban san yadda zan kwatanta abin da na ji ba. Da Gwaggo ce da na yi kuka na huce. Amma wadda ta haife ni? Duk shirun da ta yi mini tun ina ƙarama, wanda na ɗauka kunya ce, a tsaye a wurin na fara tambayar kaina ko dama can ba kunya ba ce. Na zagayo na tsaya a bakin madafi. Da ta dawo ta gan ni, sai ta juya mini baya ta kama hura wutar da ta riga ta kama.

Na ce, "Adda."

Ta ci gaba da hura wutarta.

"Adda, na gani."

Ta ce wa murhu, "Wasu mutane an kai su makaranta sun koyo leƙe."

"Me na yi miki? In so kike in mutu ai sai ki bar ni, tarin ma ya isa."

Nan ta saki icen da ke hannunta. Ba ta juyo ba, amma muryarta ta canza. Bango take yi wa magana, ni kuma ina tsaye ina karɓa.

"A ji min yarinya. Wai in mutu. Baffana har ya koma ga Allah bai taɓa ɗura wa garke maganin da bai sani ba. Sai ya ware guda ya fara da ita, ya zuba ido. In ta tashi, a ba sauran. In ta faɗi, an yi asarar guda. Wannan kuwa an kawo mini gwangwani an ce in ba mutum, su da kansu sun ce gwaji suke yi. To ni ba zan gwada ba?"

"Amma Adda..."

"Yarinya ko ɓari ba ta taɓa yi ba. Gobe za ta yi wani auren. Ana ta faɗa a gari cewa magungunan nan mahaifa suke kashewa. Shi ya sa na zaɓi mai ciki. In ta sauka lafiya, a ba mutum nasa cikakke. Ban hana duka ba ai, rabi na rage, don in guba ce ta zo da sauƙi."

Ta ci gaba, yanzu da tukunya take.

"Kuma tsohon nan na bayan masallaci ya yi tibi, na ga nasa a hannun matarsa. Bai kai wannan yawa ba. Ragowar na mene ne? An tambaya an ce duk na tari ne. Ni ba a kai ni boko ba, amma na iya ganin abu ya fi abu."

Ashe duk kwanakin da nake zarginta a gida, ita ma zargina take, ta kuma fi ni hujja. Na zauna a kan turmin da ke kife a wurin. Na ce mata ragowar na ciwon da ya kashe mijina ne, ba sammu ba ne, ƙanjamau ne, kuma ya bar mini. Na ce ba ya warkewa, maganin nan danne shi kawai yake yi, kuma in aka rage shi cutar takan saba ta daina ji. Na ce batun mahaifa ba shi ne a gabana ba, in kai baɗi shi ne.

Ta juyo. Tunda nake ban taɓa ganin idonta a cikin nawa ba sai ranar. Ba ta yi salati da ƙarfi ba, ba ta tambaye ni komai a kan mijin ba. Ta duba tafin hannunta inda sauran dusar ta manne, kamar za ta iya tsince garin daga ciki. Can ta ce, a hankali, "Wanda akuya ta sha, ana rama shi? Kamar azumi?"

Na ce ban sani ba.

Ta ɗauko gwangwanin ta ajiye a gabana, ta shige ɗaki. Daga ranar nake haɗiyar ƙwayoyina ɗaya bayan ɗaya da hannuna, in sun taso in danne. Jan ya dawo, jirin ma ya dawo, na yi maraba da su.

Saura mutanen Dutse. Na yanke a raina ba zan faɗa musu ba. Lissafina shi ne su bincikensu ne a gabansu, ni kuwa na zama gwajin da ya lalace. Wa zai ci gaba da zuba magani mai tsada a kan wadda ta raba shi da dabba? Za su ce in koma gida, su ɗauki wata. Da wannan niyya na shiga motar Jahun ranar da aka sa mini, a kujerar baya inda ake cusa mata, har muka wuce Kiyawa duwatsun suka fara bayyana ina maimaita abin da zan ce: lafiya lau, ina sha kullum.

A kan bencin jira akwai wata mata daga Taura, mai jiki a da, yanzu zani ya yi mata yawa, amma bakinta bai rame ba. Duk sabuwar zuwa amarya take ce mata.

"Amarya, yau fuskarki kamar an ce ki biya kuɗin jinin da suka ɗiba. Saki ranki. Mu ne 'yan gatan likita, wa ake aunawa duk wata kamar buhun gero in ba mu ba?"

Na ce mata, kamar da wasa, "Yaya, in mutum ya yi kuskuren sha fa, korarsa suke?"

Ta kalle ni ta gefen ido. "Wane mutum?"

"Wani dai."

"To ki gaya wa wani dai ni ban sani ba. Akwai wata da muke zama da ita a nan, ta daina zuwa. Wasu sun ce korarta aka yi, wasu sun ce mijinta ne ya hana, wasu sun ce ta riga mu. Zaɓi wanda ya yi miki."

Da aka kira ni, malamar mai tabarau ta auna ni, ta tambayi tari, ta tambayi ci. Na ce lafiya lau, ina sha kullum. Ta gyaɗa kai. Sai ta ce likita yana son ganina, don jinin da aka ɗiba wancan zuwan ya nuna maganin ƙanjamau kaɗan ne ƙwarai a jikina. Shi a ganinsa ina cikin mutanen da maganin tibi ke cinye wa ɗayan da yawa, irin waɗanda binciken yake nema ke nan. Zai ƙara mini yawan ƙwayar daga yau.

Na ji kamar an zuba mini ruwan randa. Jinin nan lokacin rabi aka ɗebe shi. Yanzu cikakke nake sha, in aka ƙara a kansa fa? Ita da kanta ta taɓa gaya mini maganin in ya yi yawa hanta yake taɓawa, idanu su yi ɗorawa, wasu ba sa tashi. In yi shiru in mutu da ƙari, ko in yi magana a kore ni in mutu da rashi. Ta ɗauki biro za ta rubuta, na ce, "Malama, tsaya."

Na faɗa mata duka, kaina a ƙasa. Da na kai kan akuyar ta cire tabaraunta.

"Akuya?"

"Akuya."

"Mai ƙafa huɗu?"

Na ce e. Ta rufe bakinta da hannu, kafaɗunta suna motsi, ban sani ba dariya ce ko takaici. Sai kuma fuskarta ta ɗaure. "Ke da kika yi sakandare! Da kin bari na rubuta wannan fa? Kin san ba ke kaɗai za a ƙara wa ba, da sakamakonki za a auna na wasu?" Ta fita ta dawo da likitan, wani siriri mai saurin magana. Shi bai yi faɗa ba, tambayoyi ya jero: tun yaushe, duka ƙwayoyin ko wasu, rabi daidai ko yaya. Na ce rabi daidai, da tsinke ake rabawa. Na yi masa tambayar Adda, ko ana ramawa. Ya ce kul, ba a ramawa, kada a kuskura.

Na ce, "Likita, korata za ku yi?"

Ya ce ba wannan ne abin dubawa yanzu ba. Abin dubawa shi ne ko cutukan sun riga sun saba da maganin. Za a ɗauki majinata da jinina a aika Kano, sai an shuka majinar a ɗakin bincike an ga ko ƙwayar cutar za ta tsiro, kuma yana ɗaukar makonni. Ya ce in ci gaba da sha yadda aka tsara tun farko. Na lura bai ce a'a ba. Da wannan na koma gida, na yi ta tauna shi a mota: bai ce a'a ba.

Makonnin nan su ne mafi tsawo da na sani. Kowane tari na yi sai na tsaya na saurare shi, na da ne ko sabo. Ina duba abin da na tofar. Ina zagaya wuyan hannuna da yatsu in ga ko na ƙara ramewa. In na ji mota ta tsaya a bakin hanya sai in ce daga asibiti aka aiko a karɓe gwangwanin. Na fara tunanin ma sun riga sun san sakamakon, suna jira ne su ga yadda mai shan rabi take ƙarewa, don shi ma ai abin rubutawa ne.

A cikin haka akuyar ta haihu, 'ya'ya biyu, ɗaya a raye ɗaya a mace. Zuwa lokacin Gwaggo ta ji labarin gwajin, ban da cutar ta biyu, wadda Adda ta riƙe a cikinta har yau. Ta tsaya a kan turken tana tafa hannu.

"To ga shi nan! Rabi ta sha, rabi ya mutu. Da duka ta sha fa? 'Yar boko, sai ki yi mana lissafi."

Adda tana goge mai ran da tsumma, ta ce wa akuyar, "Bara ma haka kika yi, ba ki sha komai ba." Amma da yamma na gan ta ta tsaya daga nesa tana kallon maƙogwarona lokacin da nake haɗiya, abin da ba ta taɓa yi ba. Ban san ko tabbatarwa take na sha ba, ko kuwa tsoron abin da nake sha take. Ina jin ita ma ba ta sani ba.

Ranar komawa Dutse ban iya karyawa ba. Matar Taura ba ta kan benci, na kasa tambayar inda take. Aka yi ta kiran waɗanda suka zo bayana ana tsallake ni, na ce shi ke nan, sun bar mai mugun labari ƙarshe ne don kada in tayar wa sauran hankali. Rana ta take, an fara kiran azahar a masallacin asibitin, sannan malamar ta leƙo ta yafito ni.

Ba ta rufe ƙofa ba. Wannan na fara gani, don ranar da ta gaya mini cutar biyu ce sai da ta rufe.

Ta ce, "Zauna, uwar akuya. Sakamakonki ne ya makara a hanya, sai yanzu direban ya iso." Ta ce ba a ga ƙwayar tibi a majinata ba, abin da aka shuka bai tsiro ba. Jinin kuma ya nuna garkuwar jikina tana hawa, alamar ɗayan maganin yana aikinsa. Za a ƙara mini watannin shan na tibi saboda giɓin da aka samu. Awon da aka yi mini lokacin rabi za a ware shi gefe, ba zai shiga lissafinsu ba.

"Ni fa? Ni ma gefe?"

"Ke kina nan. Wa ya ce miki ana korar mutum don ya faɗi gaskiya? Maganinki yana nan kamar kullum."

Na ce ta sake faɗa. Ta sake. Na ce, "Malama, ki rantse ba lallashina kike ba."

"Ni ba na rantsuwa a kan aiki. Ɗayar cutar tana nan, kin sani, ba ta tafi ko'ina ba, kuma shan magani yanzu kika fara. Amma abin da kike tsoro bai faru ba. Kin tsira. Tashi ki je ki karɓi naki, akwai mutum a bayanki."

Na ce to. Na dafa kujerar zan miƙe, gwiwoyina suka ƙi. Na sake gwadawa, suka ƙi. Ta dube ni ta saman tabarau, ta jawo kujerar da ni a kai zuwa jikin bango, ta leƙa waje ta kira ta gaba. Ina zaune a wurin aka shigo da wata yarinya sabuwar zuwa, aka ce ta cire takalmi ta hau sikeli.